DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: MA'AIKATAN JINYARMU DA SASHEN GOBE-DA-NISA

Jawabin da aka gabatar a taron fastoci, dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da ma'aikatan lafiya na ikilisiyoyinmu

Karatu: Luka 10:25-37, Markus 14:32-42

  

An ba mu wannan magana ne saboda wata tambaya da take yawan tasowa a majalisun dattawa. Ga 'yarmu, ko ɗanmu, wadda ikilisiya ta yi wa addu'a tun tana makarantar koyon jinya. Ta yi shekara goma ko goma sha biyar tana aiki, ta kai matsayin da za ta ɗan huta ta riƙa sa na ƙasa da ita aiki. Sai kawai a ji ta nemi komawa asibitin koyarwa, a can ɗin ma sashen da ya fi kowanne wuya. Daga nan sai a daina ganinta a sujada Lahadi biyu ko uku a jere. Kujerarta a Zumuntar Mata ta zama wofi. Maigida ya fara gunaguni a kan aikin dare. Wasu su ce kuɗi ne ya ja ta, wasu su ce girman kai ne, wasu ma su ce ta yi sanyi cikin bangaskiya, ya kamata dattawa su kira ta.

Kafin mu kira kowa, ya kamata mu san wurin da take tafiya da abin da take yi a can. Abin da muke so mu nuna yau shi ne, ma'aikaciyar jinya da ta ƙware ta kuma zaɓi wannan sashe, baiwarta ta kai inda aka fi bukatarta, kuma akwai hakkinta a wuyan ikilisiya. Za mu riƙa cewa "ita" domin mata sun fi yawa a wannan aiki, amma maganar ta haɗa da 'ya'yanmu maza.

WANE WURI NE WANNAN?

A takarda ana kiransa sashen kulawa ta musamman. A bakin jama'a da gidajen rediyo kuwa sunansa sashen gobe-da-nisa. Wannan suna kaɗai ya isa ya sa cikin mutum ya ɗuri ruwa, domin yana nufin wanda aka kai can ba lalle ya ga gobe ba. Gaskiya ne waɗanda ake kaiwa suna tsakanin rai da mutuwa: matashin da ya faɗi a babur ya bugu a ka, mai ciki da jijjiga ta kama saboda hawan jini, matar da ta zubar da jini bayan haihuwa, wanda aka yi wa babbar tiyata, wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa har ƙoda ta tsaya, yaron da sanƙarau ya kayar. Amma ba don su mutu ake kai su ba. Ana kai su ne domin a riƙe musu numfashi da bugun zuciya har jiki ya sami ƙarfin karɓar aikinsa.

Gadaje kaɗan ne a ɗakin. Kowane gado yana da allo da ke nuna bugun zuciya, da ƙarfin jini, da yawan iskar oksijin a cikin jini. Wasu majinyata na'ura ce take hura musu iska ta wata roba da aka zura a maƙogwaro. Ba sa magana, ba sa iya cewa nan ke yi mini ciwo, ba sa iya juyawa. Saboda haka ƙa'idar wannan sashe a duniya ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Ita ce za ta juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito. Ita ce za ta zuƙe majinar da ke toshe robar numfashi, ta wanke masa baki, ta ɗaga kan gado don kada abinci ya koma huhu. Duk awa za ta auna fitsarin da ya fita ta rubuta, domin babban mutum in fitsarinsa ya yi ƙasa da kimanin mililita 30 a awa, alama ce ƙoda tana neman gazawa. Likita yakan zo ya duba ya ba da umarni ya wuce wani gado. Nas ce take zama. Ƙwaƙwalwar ɗan adam kuwa in ta rasa iska na minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. Wannan shi ne tsawon lokacin da ke hannunta in roba ta toshe ko wuta ta ɗauke.

Asalin wannan sashe ma abin koyi ne. A shekarar 1952 annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak. Cutar tana shanye naman da mutum ke numfashi da shi. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya gaza, 27 suka mutu. Sai wani likita mai sa barci a ɗakin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa matsa jakar iska da hannu. Aka gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12, ta rayu. Da yake babu isassun na'urori, ɗalibai kimanin 1,500 suka riƙa karɓar juna dare da rana, kowa zaune a gefen gado yana matsa jaka, makonni da watanni. Mace-mace suka ragu zuwa ƙasa da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe sashe na dindindin domin irin waɗannan majinyata. Ku lura, 'yan'uwa, tun ranar farko ginshiƙin wannan aiki mutum ne da ya yarda ya zauna bai yi barci ba domin wani ya numfasa.

ME YA SA ƘWARARRU SUKE ZAƁENSA?

Dalili na farko: a nan ne shekarun aiki suke da amfani fiye da ko'ina. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Na'ura tana ƙara ne bayan lamba ta faɗi. Nas da ta daɗe tana aiki takan ga abin tun kafin na'ura ta yi ƙara: gumin da ya tsatso a goshi, yatsun da suka yi sanyi, ƙirjin da gefe ɗaya ya daina ɗagawa, numfashin da ya tashi daga 18 zuwa 28 a minti. Wannan ido ba a sayensa, ba a kuma samunsa a shekara biyu. Wadda Allah ya ba ta shi bayan shekaru, in aka zaunar da ita a ofis tana cika takardu, zuciyarta ba za ta kwanta ba. Mun san misalin da Ubangiji ya bayar a Matiyu 25 game da bayin da aka ba talanti. Wanda ya binne nasa a ƙasa ba sata ya yi ba, duk da haka an tsauta masa. 'Yarmu da ta nemi wurin da za a mori duk abin da ta sani, tana gudun binne talantinta ne.

Dalili na biyu: sha'awar yin aikin jinya yadda ya kamata. A babban ɗakin kwanciya nas ɗaya takan riƙe gadaje masu yawa a dare guda. Ta ba wannan magani, ta sauya wa wancan ƙarin ruwa, kafin ta zagayo gari ya waye. Da yawa daga cikinsu suna komawa gida da nauyi a zuciya, domin sun san akwai wanda ya kira ba su samu zuwa ba. A sashen kulawa ta musamman mutum ɗaya aka damƙa mata, ta san shi daga kai har ƙafa.

A nan muna so mu jawo hankalinku ga wani mutum a cikin karatunmu na Luka 10 wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Kowa ya san Basamariye. Ya ɗaure raunuka, ya ɗora mutumin a dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Amma kashegari ya tafi. Wa aka bar wa majinyacin? Mai masauki. Shi aka ba dinari biyu, shi aka ce ya ci gaba da lura. Ba mu san sunansa ba, ba mu ji maganarsa ba, amma in da ya yi sakaci, duk wahalar Basamariye ta tashi a banza. Direban da ya ɗauko wanda ya yi hatsari ya yi nasa. Likitan tiyata ya yi nasa. Dangi sun kawo kuɗi. Saura mai masauki, wanda zai zauna dare bayan dare. Wannan shi ne matsayin da 'ya'yanmu suke zaɓa.

Dalili na uku: asibitin koyarwa wuri ne na koyo da koyarwa. Ba kowane asibiti ne yake iya riƙe irin wannan sashe ba, domin yana bukatar likitoci ƙwararru a fannoni dabam-dabam, da ɗakin gwajin jini mai aiki dare da rana, da iskar oksijin, da wuta. Shi ya sa a ƙasarmu galibi a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya ake samunsa. Na Ibadan shi ne na farko cikin asibitocin koyarwa, an buɗe shi a 1957. A arewa muna da na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma Shika a 2005, da na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da na Jos, da Maiduguri, da Sakkwato, da Gwagwalada, da sauransu. Asibitin Evangel na ECWA a Jos, wanda SIM ta buɗe a 1959, shi ma ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. A irin waɗannan wurare ne nas take samun ƙarin horo na musamman bayan takardar shaidarta ta farko. Kuma a nan ne ɗalibai suke wucewa ta hannunta kowace shekara. Manzo Bulus ya umarci Timoti ya damƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2). Ɗalibar da ta koyi wanke hannu da gaskiya cikin rubuta awo a hannun 'yarmu, gobe ita za a tura asibitin ƙaramar hukumarmu.

Dalili na huɗu: shaida. Yawancin ikilisiyoyinmu suna zaune ne a inda mu ne 'yan kaɗan. Mun san wahalar samun filin gina majami'a, mun san yadda ake duban sunan yaro kafin a ba shi gurbi. Akwai gidajen da fasto ba zai taɓa shiga ba har ya mutu. Amma ciwo ba ya tambayar addini. A kan gadon nan ana kwantar da liman, ana kwantar da dattijon ikilisiya, ana kwantar da ɗan sarki da almajiri. Iyalin da suka ga wata Kirista ta kwana tana share wa mahaifinsu baki, tana rufe masa jiki da mutunci, ba za su sāke jin an zagi Kirista su yi shiru kamar dā ba. Haka nan mu ma, da yawa cikinmu mun ga nas Musulma ta tsaya a kan ɗanmu kamar nata. Wannan ɗaki yana cikin wurare kaɗan da suka rage inda muke ganin juna a matsayin mutane.

To, batun kuɗi fa? Kada mu yi munafunci. Ƙarin horo yana kawo ƙarin girma, kuma Nassi ya koya mana cewa ma'aikaci ya cancanci ladansa (1 Timoti 5:18). Ba zunubi ba ne mace ta so ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Amma mai neman kuɗi zalla ya san hanyar da ake bi. A farkon 2024 shugaban Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya suna neman su, kuma waɗanda suka iya aikin kulawa ta musamman suna cikin waɗanda aka fi nema. Ba mu hukunta waɗanda suka tafi ba, da yawa su ne suke riƙe da gidajensu. Amma wadda take da wannan takarda a hannu ta kuma zauna a Zariya ko Kano ko Jos, ba daidai ba ne mu ce kuɗi ne ya zaunar da ita.

FARASHIN DA SUKE BIYA

Aikin jinya ba baƙo ba ne a cikin tarihinmu. Asibitin Vom na SUM ya fara a 1922, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, ga na Wusasa da Garkida da Lassa. Iyayenmu da yawa ta ƙofar ɗakin magani suka fara jin bishara. Kuma tun a wancan lokaci akwai waɗanda suka biya da ransu. A watan Janairu 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar, ta kuma komo Nijeriya ta ci gaba da aiki. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta rasu a Jos da wannan cuta. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa, wanda har yau yakan tashi da rani. A watan Janairu 2020 ya kashe likitoci biyu a Kano. A 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da Dokta Stella Adadevoh da wata nas, Justina Ejelonu. A 2020 kuma, da cutar korona ta sa aka rufe majami'u muka zauna a gida, su ba su zauna ba.

Bayan hatsarin kamuwa da cuta akwai nauyin zuciya. Duk iya ƙoƙari, wasu majinyata ba sa tashi. Nas takan yi mako biyu a kan yaro, ta san sunan da uwarsa ke kiransa da shi, sa'an nan ita ce za ta kashe na'ura ta rufe masa ido. Bayan awa ɗaya an kawo wani a gadon. Wani lokaci wuta takan ɗauke, kafin janareta ya tashi sai ta kama jakar iska da hannu kamar ɗaliban 1952. Wani lokaci magani yana nan a kanti, dangi ba su da kuɗinsa, tana ji tana gani. Da wannan kaya take dawowa gida da safe. In abin da za ta tarar a wurinmu shi ne tambayar me ya hana ta zuwa sujada, to mun ƙara mata kaya ne.

A Getsamani Ubangijinmu bai roƙi Bitrus da Yakubu da Yahaya su yi mu'ujiza ba. Abu ɗaya ya roƙa, su zauna a faɗake tare da shi cikin baƙin cikinsa. Sau uku yana dawowa yana tarar da su suna barci. Abin da manzanni suka kāsa yi na sa'a ɗaya, shi 'ya'yanmu suke yi wa baƙi har gari ya waye. Ubangiji kuwa ya faɗa a Matiyu 25 cewa abin da aka yi wa mara lafiya, shi aka yi wa.

AMSA GA DAMUWAR DATTAWA

Damuwa ta farko ita ce ranar Lahadi. Ba mu raina taruwar masu bi ba, Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar ta. Amma Ubangiji ya warkar da mai shanyayyen hannu ran Asabar, ya kuma tambayi masu zarginsa ko akwai wanda ɗansa ko sansa zai faɗa rijiya ran Asabar ya bar shi sai gobe (Markus 3, Luka 14). Na'urar numfashi ba ta san Lahadi ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya kwana a gidan biki ya kāsa tashi, da wadda jadawalin aiki ya ɗora a bakin gado. Majalisar da ta haɗa su a ma'auni ɗaya ba ta yi adalci ba.

Damuwa ta biyu ta fi nauyi, kuma dattawa suna da gaskiya a ciki. In ƙwararru duka suka tafi birni, wa zai riƙe ɗakin shan magani na ikilisiya a ƙauye? Mai naƙuda da dare wa za ta nema? Wannan rashi ne na gaske. Ba kowace nas ce aka kira zuwa asibitin koyarwa ba, kuma wadda ta zauna a ƙauye tana awon ciki da allurar rigakafi tana hana mutane da yawa kaiwa ga wancan ɗaki tun farko. Jiki ɗaya ne, gaɓoɓi ne dabam-dabam (1 Korantiyawa 12). Amma mu tambayi kanmu: ranar da ciwo ya fi ƙarfin ɗakin maganinmu aka ɗauki matar wani cikinmu a mota zuwa birni, wa muke fata mu tarar a can? Maganin wannan rashi shi ne mu horar da waɗansu, mu kuma biya na ƙauye albashinsu a kan kari.

Damuwa ta uku ita ce masu cewa dogara ga na'ura rashin bangaskiya ne. Mun ga iyalai sun sa hannu sun cire mara lafiya daga asibiti zuwa gidan addu'a, ya cika a hanya. Allah ne mai ba da numfashi, shi ne kuma mai karɓa. Amma sa'ad da Allah ya yi alkawarin ƙara wa sarki Hezekiya shekara goma sha biyar, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Alkawari da magani suka tafi tare. Bulus ma ya yi tafiya da Luka likita. Mu yi addu'a a bakin ƙofa, ita ta yi aiki a ciki, Allah ɗaya muke bauta wa.

GARGAƊI GA 'YA'YANMU MA'AIKATAN JINYA

Yanzu gare ku, 'ya'yanmu. Mun kāre ku, amma akwai abin da Ubangiji yake nema a hannunku.

Ku riƙe amana. Abin da kuka gani a jikin mutum ko a takardarsa ba na Zumuntar Mata ba ne, ko da da sunan roƙon addu'a. Ku rubuta awon da kuka auna, kada ku cika takarda da lambar da ba ku duba ba, domin likita zai ba da magani ne bisa abin da kuka rubuta.

Kada ku mai da gadon mara lafiya wurin jayayyar addini. Mutumin da ba ya iya magana amana ne aka ba ku. Ku yi masa addu'a a zuciyarku. In danginsa suna so su yi masa addu'a irin tasu, ku ba su wuri gwargwadon dokar ɗakin. In wani ya tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta koyar. Kada kuma ku fifita namu a kan na wasu. Ranar da aka ce nas Kirista nata kawai take dubawa, shaidar shekara ashirin ta rushe.

Ku yi hankali da taurin zuciya. Wanda yake ganin mutuwa kullum yana iya sabawa har ya riƙa daka wa dangi tsawa. Tsohon da ke tsaye a baranda ya sayar da shanunsa ne ya zo. Minti biyu na bayani cikin harshen da yake ji ba zai rage muku kome ba. In kuma Lahadi ta kuɓuce muku, kada mako ya kuɓuce. Garwashin da aka ware daga murhu ba ya daɗewa.

ABIN DA IKILISIYA ZA TA YI

1. Kowace ikilisiya ta san 'ya'yanta masu aikin dare, ta shirya musu lokacin sujada da Jibin Ubangiji a tsakiyar mako, ko da sau ɗaya a wata.

2. Fastoci su riƙa ziyartarsu domin su saurara. Kada a je da tambayar ciwon wane, a je da tambayar yaya zuciyarki.

3. Mazajen da matansu ke wannan aiki, a ƙarfafa su. Namijin da ya yi wa yara wanka ya kai su makaranta domin matarsa ta yi barci bayan aikin dare bai rage daraja ba, yana da rabo cikin ladan aikin. Zumuntar Mata ma ta sa hannu.

4. A kafa asusun marasa lafiya tun kafin ciwo ya zo, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya a wannan sashe yana iya cinye abin da manomi ya samu a wata. Tun 2022 akwai dokar inshorar lafiya ta ƙasa, jihohi da dama kuma suna da nasu tsarin. Dattawa su bincika su taimaki jama'a su yi rajista.

5. Matasanmu su san rukunin jininsu, su kuma saba da ba da jini kyauta ga duk mai bukata, namu da wanda ba namu ba.

6. Mu daina jinkiri. Mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko gani dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar. Da yawa daga cikin waɗanda ke isa sashen gobe-da-nisa, kwanakin da aka ɓata a gida ne suka kai su.

7. Kowace gunduma ta ɗauki nauyin karatun jinya na yaro ko yarinya aƙalla ɗaya, da yarjejeniyar zai dawo ya yi wa ɗakin maganinmu aiki na wasu shekaru.

8. In namu yana kwance a can, mu bi dokar ziyara. Ba a shiga da ƙungiyar mawaƙa, ba a shafa wa mai roba a maƙogwaro mai ko ruwa ba tare da izini ba. Kada kuma mu matsa wa 'yarmu ta karya doka dominmu, mu jawo mata takardar tuhuma.

'Yan'uwa, littafin Fitowa ya adana mana sunayen ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, domin sun ji tsoron Allah sun bar jarirai da rai, alhali sunan Fir'aunan da ya ba su umarni ba a rubuta shi ba. Allah yana lura da masu irin wannan aiki. Idan muka koma ikilisiyoyinmu, bari kowace majalisa ta kira ma'aikatan jinyarta gaban jama'a, ta ɗora musu hannu, ta aike su kamar yadda muke aiken masu bishara.

Ubangiji ya tsare su daga cuta, ya ba su ido mai gani da hannu mai taushi, ya ta'azantar da su a ranar da majinyaci bai tashi ba. Ya ba mu mu kuma zuciyar ɗaukar nauyin juna. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.